Mai Jiran Gado: Ranar da Kwafin Rumbun Bayanai Ya Ci Gashin Kansa

Duk ma'aikatar da ta san darajar bayananta ba ta yarda ta zuba su a kwamfuta ɗaya. Akan tanadi manyan kwamfutoci biyu, irin waɗanda ma'aikatan fasaha ke kira saba. Ta farko ita ce uwa. A cikinta ake rubuta duk wani sabon abu, ko kuɗin da aka ajiye ne, ko makin ɗalibi, ko sunan majinyaci. Ta biyu kuwa ba ta da aiki sai bin sawun uwa, tana kwafe kowane canji da zarar ya auku, tana sauraron ranar da za a buƙace ta. A wannan rubutu zan kira ta mai jiran gado, domin matsayinta ke nan: tana zaune a fada, tana ganin komai, amma ba ta yanke hukunci.

Wata rana akan tsinke igiyar da ke tsakaninsu, a ce wa mai jiran gado ta tsaya da ƙafarta. Umarnin da ke yin wannan bai cika layi ɗaya ba, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi yake kammala. Amma abin da aka yanke a wannan lokaci ya fi ƙarfin kwamfuta. An yanke ne wane littafi za a gaskata daga yau, kuma daga wane lokaci. Mu a Jigawa wannan ba labarin nesa ba ne. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, jihar ta yi suna wajen rungumar fasahar sadarwa. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, ga asibitoci da ƙungiyoyin adashe da bankunan al'umma, kowa na kwashe takardunsa yana mayar da su cikin kwamfuta. Duk wanda albashinsa ko sakamakon jarrabawarsa ke kwance a irin wannan rumbu, ya kamata ya san abin da ke faruwa a ranar rabuwa.

Yadda ake bin sawu

Bari mu ɗauki PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai da suka fi yaɗuwa a duniya, wadda asalinta ke komawa Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1986. Kafin uwa ta taɓa ainihin bayanan da ke cikinta, sai ta fara rubuta abin da za ta yi a wani kundi na musamman: an ƙara wa wane naira kaza, an goge layi kaza, an gyara suna kaza. Kowane rubutu a wannan kundi yana da lambar matsayinsa, kamar shafi da layi. Mai jiran gado tana karɓar kundin ta hanyar sadarwa, tana maimaita abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake, ba ta ƙari. Tun daga fitowa ta 9.0 a 2010 manhajar ke iya aika kundin kai-tsaye yayin da ake rubuta shi.

Abu biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, mai jiran gado a karanta kawai take. Kana iya tambayarta nawa ne a asusun wane, ta faɗa maka, amma ba za ta karɓi ko kwabo ta rubuta ba. Na biyu, kusan kullum tana bayan uwa da 'yar tazara. Idan hanyar sadarwa lafiya take, tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Idan hanya ta yi rauni, tana iya kai mintuna ko sa'o'i. Akwai tsarin da uwa ba ta tabbatar da rubutu sai mai jiran gado ta amsa cewa ta karɓa, amma shi yana rage sauri, kuma idan hanya ta yanke sai aiki ya tsaya cik. Shi ya sa masu aiki a inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa sukan zaɓi tsarin da uwa ba ta jira. Wannan zaɓi yana da farashi, kuma ranar rabuwa ake biyansa.

Littattafan baffannina

Na san wannan tsari tun kafin in san sunansa. Baffannina biyu sun yi shekaru suna cinikin riɗi da zoɓo da jari ɗaya. Babban yana kasuwar Dawanau a Kano, kuma littafinsa shi ne uwa. Ƙaramin yana Kafin Hausa yana saye daga manoma, yana riƙe da littafi na biyu. Duk mako direban da ya kai kaya zai dawo da takarda, Baffa ƙarami ya zauna bayan sallar isha'i ya kwafe ta layi-layi. Ban taɓa ganin ya rubuta wa wani bashi ko ya yafe wa wani ba tare da ta fito daga Dawanau ba. Idan manomi ya matsa masa, amsarsa ɗaya ce: «Sai Yaya ya rubuta.»

Da 'ya'ya suka girma, suka ga lokaci ya yi da kowa zai riƙe nasa, ba su tashi rana ɗaya suka rabu ba. Sun sa rana. Mako guda kafin ranar suka daina ba da sabon bashi. Baffa babba ya zo gida da littafinsa, aka ajiye littattafan biyu gefe da gefe, aka bi su suna bayan suna har suka daidaita. Sannan aka ja layi a ƙarƙashin shafin ƙarshe na kowanne, aka rubuta kwanan wata, liman da wani dattijon unguwa suka sa hannu. Washegari aka aika wa kowane mai bashi a gaya masa wanda zai riƙa biya. Na tuna abin da babban ya faɗa wa ƙaninsa yana miƙa masa alƙalami: «Daga wannan layin zuwa ƙasa, abin da ka rubuta naka ne, kuskurensa ma naka ne.»

Duk abin da injiniya mai hankali ke yi a ranar raba saba yana cikin wannan zama: tsayar da rubutu, daidaita littattafai, jan layi, kafa shaida, sanar da jama'a.

Rabuwa iri biyu ce

Akwai rabuwar gado, akwai raba gida. A ta farko uwa ce ta mutu, ko wuta ta ci ta, ko faifanta ya lalace, sai a naɗa mai jiran gado ta hau kujerar. A ta biyu uwa na nan da ranta, amma ana so kwafin ya zama rumbu mai zaman kansa, saboda reshe ya zama ma'aikata, ko ana son wurin gwaji, ko za a ƙaura zuwa sabuwar na'ura. Umarnin ɗaya ne. A PostgreSQL, tun fitowa ta 12 a 2019, ana kiransa pg_promote. Da an ba da shi, sabar za ta ƙarasa maimaita abin da ya riga ya iso mata, ta goge ɗan fayil ɗin da ke nuna ita mai jira ce, ta buɗe ƙofar rubutu.

Sannan tana yin wani abu da ke burge ni. Tana buɗe sabon zamani a kundinta. Idan tana ƙirga tarihi a zamani na 1 ne, daga wannan lokaci sai ta koma na 2, ta kuma rubuta daidai wurin da zamanin farko ya tsaya a wurinta. Kamar yadda marubutan tarihin masarautunmu ke ƙirga al'amura da zamanin sarki, haka ita ma. Amfanin wannan shi ne kada a taɓa cakuɗa tarihin biyu. Illarsa kuwa, komawa baya ba ta da sauƙi. Da zarar kowacce ta rubuta nata, ba za a sake haɗa su yadda suke ba sai ɗaya ta haƙura da abin da ta rubuta bayan rabuwa. Akwai manhajar da ke taimakawa wajen mayar da ɗaya ƙarƙashin ɗaya, amma aikinta shi ne share tarihin wadda za ta yi biyayya.

Daminar 2022

Ina da aboki tun makarantar sakandare wanda ke kula da rumbun wata ƙungiyar adashe da lamuni ta ma'aikata. Uwa tana Dutse, mai jiran gado tana ofishin reshe a Kafin Hausa. A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a yankin Haɗeja, har da ƙauyukan Kafin Hausa, hanyar sadarwar da ke haɗa ofisoshin biyu ta yanke. Shi kuma ruwan ya riske shi a reshe. Mutanen da gidajensu suka zube suka cika ƙofar ofis suna neman abin da suka tara. Na je ɗaukar rahoton ambaliyar, na tarar da shi a tsakiyar wannan hali.

Shugaban reshen dattijo ne mai tausayi, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce: «Injiniya, kai ka ce mana duk abin da ke Dutse akwai shi a nan. To buɗe ta mu sallami bayin Allah.»

Abokina ya ce: «Ranka ya daɗe, akwai shi har zuwa daren da hanya ta yanke. Ta Dutse ba ta mutu ba, tana can tana karɓar kuɗi tana fitarwa. In na buɗe wannan, mun zama sarki biyu a gari ɗaya. Wanda ya ciri kuɗinsa a can zai iya cira a nan, kuma ranar da hanya ta dawo, ɗaya daga cikin littattafan nan sai an zubar da shi.»

Dattijon ya yi shiru, sannan ya tambaya: «To mu ce musu me?»

Mafitar da suka samu ta tsohon zamani ce. Aka bar mai jiran gado a matsayinta, ana duba ma'aunin kowa a cikinta. Da waya ta samu shiga, aka roƙi Dutse ta dakatar da fitar da kuɗi daga asusun 'yan reshen. Aka riƙa biyan mutane wani kaso na abin da suke da shi a kan takarda mai lamba, da sa hannun mai karɓa da na shaidu biyu. Da hanya ta dawo bayan kwanaki, mai jiran gado ta kamo uwa da kanta, aka shigar da takardun a Dutse ɗaya bayan ɗaya. An sha wahala, an yi layi, wasu sun yi fushi. Amma littafi ya kasance ɗaya.

Abin da daƙiƙa 43 suka jawo

Kada mai karatu ya ɗauka tsoron abokina na ƙaramin ma'aikaci ne. Ranar 21 ga Oktoba 2018, ana gyaran wata na'urar sadarwa a kamfanin GitHub na Amurka, inda miliyoyin masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, sai hanya ta yanke tsakanin cibiyarsu ta gabashin ƙasar da sauran. Yankewar daƙiƙa 43 kacal ta yi. A cikin wannan ɗan lokaci, manhajar da aka ɗora wa alhakin naɗi ta ɗauka uwa ta tafi, ta naɗa sabobin yammacin ƙasar. Da hanya ta dawo, sai ga gabas na da rubutun da yamma ba ta gani ba, yamma kuma ta soma rubuta nata. Injiniyoyin suka zaɓi kare bayanan jama'a a kan saurin dawowa aiki, kuma sai da aka shafe awa 24 da minti 11 kafin komai ya daidaita.

Darasin shi ne, daga inda mai jiran gado take zaune, mutuwar uwa da yankewar hanya kamanninsu ɗaya: shiru. Mu kuwa shirun hanya ba baƙonmu ba ne. Ko a ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya sun ji jiki. Saboda haka ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce: kafin ka naɗa sabuwa, ka tabbatar tsohuwa ba za ta iya rubutu ba, ko da za ka aika mutum ya zare mata waya ne da hannunsa.

Raba gida da rana tsaka

Bayan shekara guda, 'yan reshen nan suka yanke shawarar kafa ƙungiyarsu, aka kuma amince cikin lumana. A wannan karon abokina ya ba da umarnin da ya ƙi bayarwa a ranar ambaliya, kuma na zauna kusa da shi ina kallo. Ranar Juma'a da yamma aka rufe karɓa da fitarwa a ofisoshin biyu. Ya duba lambar matsayin kundi a Dutse, ya duba ta Kafin Hausa, ya jira har suka zo daidai. Ya rubuta lambar da lokacin a takarda, shugabannin ɓangarorin biyu suka sa hannu. Ya ɗauki cikakken kwafin ajiya ya sa a faifai biyu. Sannan ya danna umarnin. Bai kai ƙirga goma ba aka gama.

Sauran aikin shi ya cinye kwana biyu, kuma a nan ne mutane suka fi tuntuɓe.

Uwa ba ta san an rabu ba sai an gaya mata. Akwai wani gurbi da take tara wa mai jiran gado kundin da ba ta karɓa ba tukuna. In ba a goge gurbin ba, za ta ci gaba da tarawa kamar mahaifiya mai ajiye wa ɗan da ya ƙaura tuwo, har faifai ya cika, aiki ya tsaya. Ita ma sabuwar sai an cire mata adireshin uwa da kalmar sirrin shiga wurinta, an kuma canza mata inda take ajiye kundinta.

Sabuwar saba ta gaji duk ɗabi'un uwa. In akwai aikin da aka tsara a cikin rumbu yana tashi da kansa a ƙarshen wata, yana cire kuɗin lamuni ko yana aika saƙon tunatarwa, to yanzu wurare biyu ne za su yi shi. Lambobin rasit ma daga wuri ɗaya za su ci gaba a can da nan, sai ka ga rasit biyu da lamba ɗaya, kowanne na mutum daban. Dole a ware wa kowa jerinsa.

Ta kuma gaji sirrin kowa. Kwafin yana ɗauke da sunaye da lambobin waya da basussukan mambobin Dutse waɗanda yanzu ba ruwan sabuwar ƙungiya da su. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutum ba tare da dalili na halal ba, kuma ko babu doka, amana ta hana. Kowane ɓangare sai ya share abin da ba nasa ba.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. A daren rabuwa, sabobin biyu sun wayi gari babu mai tsaron bayan kowacce. Uwa ta rasa mai jiran gadonta, sabuwar kuma ba ta taɓa samun nata ba. Ga wani abin da ake yawan mantawa: mai jiran gado tun asali ba ta maye gurbin kwafin ajiya, domin in an goge abu bisa kuskure a uwa, ita ma nan take za ta goge. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara sabar da ke bin sawu, ya goge bayanai a kan uwa yana zaton ɗayar ce. Kusan gigabait 300 suka tafi, hanyoyin ajiyarsu da dama aka tarar ba sa aiki, kuma sun yi asarar aikin kimanin awa 6 da bai dawo ba. Ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, sunanta kawai ajiya.

Mu ma daga kwafi muka fara

Jigawa kanta ta san wannan rana. A 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke ta daga tsohuwar Jihar Kano, aka sa hedikwata a Dutse, aka turo Kanar Olayinka Sule ya riƙe ta. Kafin wannan rana, fayil ɗin malamin makaranta na Kafin Hausa ko ma'aikacin asibiti na Gumel a Kano tushensa yake. Bayanta kuwa, abin da aka rubuta a Dutse shi ne magana. Sanarwar ta ɗauki mintuna a rediyo. Rabon ma'aikata da kadarori da takardu shi ya ɗauki lokaci mai tsawo, kuma shi ne ainihin kafa jiha. Duk wanda ya fara aiki a ƙarƙashin Kano ya yi ritaya a ƙarƙashin Jigawa, shekarun aikinsa sun ratsa ta kan wancan layi, kuma haƙƙinsa ya rataya ne a kan yadda aka kula da shi.

Irin wannan rabo bai ƙare ba. Ana ɗaga kwaleji ta zama jami'a, ana raba ma'aikata gida biyu, ana mayar da reshe hukuma, ana sallamar kamfanin da ke riƙe wa makaranta rumbunta a ɗauko wani. A kowane ɗaya akwai daren da wani matashi zai zauna gaban allo shi kaɗai ya danna umarni. Shugaban da zai sa hannu a kan irin wannan aiki ba sai ya iya kwamfuta ba. Tambayoyi huɗu sun ishe shi. A wane lokaci daidai aka tsayar da rubutu, kuma wa ya shaida littattafan biyu sun daidaita? Me zai hana tsohuwar saba ci gaba da karɓar rubutun da ba nata ba? Bayanan waɗanda ba namu ba, wa zai share su, yaushe? Kuma idan wannan sabuwar ta faɗi gobe da safe, wace ce ke jiran gadonta?

Injiniyan da ya amsa huɗun nan a rubuce, ya sa kwanan wata, ya kawo shaidu, a bar shi ya danna. Wanda ya ce abin minti ɗaya ne, gaskiya ya faɗa game da umarnin, amma a ce masa ya jira Juma'a mai zuwa.